Sunan da Ba a Sa a Bango Ba

Shekara ashirin da shida Malam Mudassiru ya yi yana koyar da aikin gona a wata sakandare da ke bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, kuma bai taɓa shiga aji da littafin gwamnati kaɗai ba. Yana da nasa, mai bangon kwali, wanda ya rubuta da hannu. A ciki akwai lokacin yafa irin albasa, da yadda ake gane tumatir ya ƙoshi da ruwa, da zanen yadda ake karya ruwa daga kwami zuwa kwami ba tare da an cuci maƙwabci ba. Abin da ya gani a gonarsa yake rubutawa. Wanda ya ji a bakin wani manomi kuwa, sai ya sa sunan mutumin a gefe da jan biro.

Bara aka turo Surayya makarantar ta koyar da kwamfuta, ba ta daɗe da gama jami'a ba. A manhajarta akwai darasin haƙƙin mallaka, kuma ta iya shi: aikin mutum nasa ne, malami na iya ɗibar kaɗan don koyarwa, amma dole ya faɗi inda ya ɗebo. Da ta ji Malam zai yi ritaya a ƙarshen shekara, ga takardun littafin sun fara zuba, sai ta roƙe shi ta buga shi a kwamfuta. Mako uku ta yi a kai, har sunayen manoman nan ba ta bar ko ɗaya ba.

A bango ne hannunta ya tsaya. Mudassiru sunan mahaifinta ne, marigayi, kuma a gidansu ba a faɗarsa. Tun da ta zo, Baba take ce wa Malam. Sai ta rubuta "Na Baba Malam", ta tura wa malamai a waya, daga nan ya shiga wayoyin manoma.

Ranar kasuwar Bunkure ta ga littafin a teburin mai sayar da iri, an buga shi fes, a ƙasa an rubuta: "Shiryawa, Lukmanu Mai Fotokwafi, Kura." Ta duba gaba, ta duba baya. Ba Baba, ba Malam. Ta sayi kwafi ɗaya, ta manta cefanen da ya kawo ta.

A gona ta sami Malam bayan la'asar, ya naɗe wando yana ba albasa ruwa. Ya goge hannu a riga, ya karɓi littafin, ya daɗe yana juya shafuka.

"Ai ya yi kyau," in ji shi. "Ga Hashimu na Madobi, ga Iya mai rake. Kowa na nan."

"Ban da kai, Baba. An sace maka aiki."

Ya ajiye littafin a gefe. Ya toshe bakin kwamin da ƙasa, ya wanke ƙafa a kanal. Ta lura ya sake duba bangon sau biyu kafin su sami adaidaita sahu zuwa shagon Lukmanu a Kura.

Lukmanu na ganinsu ya miƙe ya ba Malam kujera. Da Surayya ta fara karanto masa doka, sai ya ɗaga hannu.

"Malama, tsaya. Baba Malam nawa ne a Kura? A layinmu kaɗai uku ne, ɗaya ma wanzami ne. Na tambaya har na gaji. Manoma kuma sun ce ba za su bi takarda marar mai ita ba, in albasa ta ruɓe wa za su kama? Shi ne na sa nawa."

"To da ta ruɓe ai kai za a kama," in ji Malam. "Ka iya ban ruwa?"

"Ko barkono a tukunya ban taɓa rayawa ba, Malam."

Suka yi dariya su biyu. Surayya ba ta yi ba, don yanzu ta gane inda ɓarnar ta faro. Ta ce a hankali doka ta ba Malam ikon hana kowa bugawa sai da izininsa.

"In hana? 'Yata, don a kwafa na rubuta. Kowa ya buga, kowa ya raba, wanda ya ga sabon abu a gonarsa ya ƙara. Amma kada a cire sunan kowa, kuma wanda ya ƙara kada ya hana na bayansa." Ya sake duban bangon. "Nawa ma a sa. Ban zaci zan damu ba, sai da na ga babu."

Ta ce masa wannan tsarin yana da suna, buɗaɗɗen lasisi, akwai shi ma a darasinta na mako mai zuwa. Ya ce to, a rubuta shi da Hausar da mai fatanya zai gane.

Lukmanu ya juyo mata da kwamfutar. "Bismillah, Malama. Ke kika san cikakken sunan."

Ta zauna. Ta rubuta sharuɗɗan cikin layi uku, ta karanta musu, Malam ya gyara kalma ɗaya. Saura suna. Ta kalli allon har Lukmanu ya fara gyaran murya.

"Ba sai kin faɗa ba," in ji Malam, ƙasa-ƙasa. "Rubutawa kawai. Allah ya jiƙan takwarana."

Ta amsa da amin, ta danna harufan ɗaya bayan ɗaya, idonta a kan yatsunta. Lukmanu ya buga bango guda ya miƙa wa Malam da ɗuminsa. Malam ya nisanta takardar daga ido ya karanta, ya gyaɗa kai, sannan ya tambayi Lukmanu garuruwan da tsofaffin kwafin suka tafi, don a bi su da sabon bango.