Allon da Maigidana Ya Bari

A ƙarshen shekarun tamanin muna zaune a Kura. Ni ina koyarwa a firamare, maigidana kuma injiniya ne a ofishin da ke raba wa manoman rani ruwa. Lokaci-lokaci jirgin sama yakan ɗauki hoton gonakin, tun daga Kadawa har Bunkure. Kwamfutar ofishin ce ke tantance inda shuka ta sha ruwa da inda ta fara yaushi, amma sai ta kwana biyu a kan hoto ɗaya. Kafin a gama duka, tumatirin mutane ya ƙone. Abin na cin ransa, don shi ma ɗan manomi ne.

Da ya dawo daga wani kwas a ƙasar waje, sai ya fito da ɗan allon lantarki daga jaka, bai fi tafin hannu biyu ba.

Na ce, “Tsarabar tawa ke nan?”

Ya yi dariya. “Malama, sauran na'urori yadda aka ƙera su haka suke har su mutu. Wannan kuwa ana sake tsara hanyoyin cikinsa, kamar yadda mai ban ruwa ke toshe nan ya buɗe can. Aikin hoto kaɗai zan sa shi.”

Wata bakwai yana fama da shi. A ciki ne tari ya kama shi, ya rame, wandunansa suka yi masa yawa. Kullum na yi maganar asibiti sai ya ce, “Bari dai in gama.”

Wata Alhamis da la'asar ya shigo gida ko sallama bai ƙarasa ba. “Ya yi! Kafin na idar da azahar hoton ya fito.” Ya zauna a bakin rijiya yana haki, yana murmushi. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Asibitin da muka je a Kano, likita ya dube ni ya ce mun makara. Bai kai buɗe ruwan rani ba, Allah Ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba wani abokin aikinsa ya kawo mini allon a kwali, haɗe da littafin da maigidana yake rubuta tsarin a ciki. Ya sunkuyar da kai ya ce sun gwada, babu wanda ya gane kansa. Na buɗe littafin. Shafukan farko rubutu ne tsaf, na ƙarshe kuwa duk ya karkace, da ƙyar ake karanta shi. Na yi masa godiya, na ce ya gaida mutanen ofis. Da ya fita na kasa tashi in rufe ƙofa.