Ina Haƙorin?

Duk wanda ya taɓa saka hoto a zaurenmu na masu sha'awar ɗaukar hoto ya san wannan sautin. Da farko tari. Sai kurɓar shayi, fuuut. Sai shiru, har ka ɗauka saƙon muryar ya katse. Sannan Kawu Tanko ya ce, "To, na gani. Ina haƙorin?"

Shugabannin zaure sun ce ni zan rubuta wani abu a kansa, tunda ni ne ɗan ƙanwarsa, kuma ni na saka lambarsa a cikinku. Na yi ta jan ƙafa, don ban tabbata na iya ba. Amma bari in gwada.

Saboda sababbin shiga, sai na fara da haƙorin. Kafin waya ta kashe sana'ar, Kawu yana da ɗan shagon hoto a wani lungu a unguwar Misfala, nan Makka, da labule mai zanen raƙumi da bishiyar dabino. Alhazanmu in sun gama aikin hajji sai su je a saka musu haƙorin Makka, daga nan su zarce wurinsa a yi hoton da za a rataye a falo a gida. Sai ka ji shi yana cewa, "Hajiya, buɗe baki! Kuɗinki ne, ba aro kika yi ba!" Zai yi ta juya fitila har sai haƙorin nan ya yi wal, sannan ya danna. Daga nan ya gina iliminsa gaba ɗaya: kowane hoto, ko na dutse ne, dole a samu abu guda da ido zai faɗa a kai. In babu, to baki ne kawai a buɗe. Ina ganin kamar akwai ƙamshin gaskiya a maganar, ko da yake ba zan rantse ba.

Kun ga irin wannan jimlar da na rubuta yanzu? Ita ce ta sa bai taɓa kirana Nasiru ba. Malam Wataƙila yake ce mini. Abu ɗaya ya nema a wurina tun ina yaro, in faɗi magana guda a miƙe, ba tare da na ɗaura mata zani da mayafi ba. Har na gama jami'a na kama aiki a otal a unguwar Jarwal ban biya masa wannan buƙata ba.

Kafin ya shigo, zauren nan lafiya lau yake. Mutum ya saka hoton kyanwa rabinta a duhu, a jera masa Masha Allah da furanni har ƙasa. Ranar farko Kawu ya yi tari, ya kurɓi shayi, ya ce, "Jama'a, Masha Allah ta Allah ce. Hoton kuwa naka ne, kuma bai yi ba." Ya ƙara da cewa, "Ni duk ranar da kuka ce mini Masha Allah a kan hoto, ku aika a sayo likkafani." Muka yi dariya. Da sauƙi ya faɗi haka, tunda shi bai taɓa saka hotonsa ko ɗaya ba. Wanzami ne da ba ya son jarfa.

Wanda ya fi shan wuƙarsa shi ne Fahad, haifaffen unguwar Shisha, wanda Hausarsa ke ɗingishi sai Larabci ya riƙe mata hannu, har Kawu ma ammi yake ce masa, wato baffa. Fahad ya sayi kamara mai hanci kamar taɓarya, ya hau rufin gidansu ya ɗauko hasumiyar agogo, wadda kowa a garin nan yake gani ko daga banɗaki ne. Aka fara jera furanni. Sai ga tari.

"Fahad, Allah ya yi maka albarka. Dama agogona ya tsaya, yanzu na gyara."

"Ya ammi, haram alek! Ka san riyal nawa na sayi kamara ɗin nan?"

"To saka mana hoton rasit ɗin. Shi kam za a samu haƙori."

Fahad ya rubuta "Halas!" ya fice daga zauren. Bai yi kwana biyu ba ya dawo. Ya ce ba don komai ba, yana so ya ga wa za a yanka bayansa.

Kada ku ɗauka kullum Kawu ke da gaskiya. Kun tuna lokacin da ya tsiri "ya karkace"? Wata guda cur, duk abin da aka saka ya karkace. Masallaci ya karkace, titi ya karkace, har farantin tuwon da Hajiya Rabi mai abinci ta ɗauka daga sama, wai ya karkace. Ni da tsoro ba ya bari in zauna, na auna hotunan da layukan da ke cikin waya, na sake aunawa. Duk a miƙe suke. Na tafi ɗakinsa a Misfala, na same shi a kan darduma yana duba waya. Ashe ƙafar tabaransa ɗaya ta karye, ya ɗaure da zaren buhu, gilashin dama yana kan gira, na hagu yana kan kunci.

Na ce, "Kawu, ba wai ina cewa haka ne ba, amma mai yiwuwa, in an duba ta wata fuskar, kamar tabarau ɗin..."

"Ka gama kafin magariba, ko in yi alwala tukuna?"

Hajiya Rabi ce ta gaji ta sayo masa sabo. Ya saka, ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon lungun, sannan ya ce, "Innalillahi! Dama haka garin nan yake?" Ya cire ya tura a aljihu. Wai tabarau ɗin 'yan Masha Allah ne, komai kyau yake yi a cikinsa. Da aka tambaye shi hotunan bayin Allah da ya yi wata guda yana kashewa, bai ba kowa haƙuri ba. Cewa ya yi, "Ko sun miƙe, ai babu haƙori."

Ita Hajiya Rabi ta taɓa roƙona in duba mata wani hoto, don ta ce ni mai ilimi ne kuma ba na cizo. Na zauna na rubuta sharhi mai tsawo. Na yaba kalar miyar, na yaba niyya, na ce wasu masu kallo, ba duka ba, za su iya jin kamar ɓangaren hagu yana da ɗan nauyi. Ta amsa da "Na gode, amma ban gane ba." Sai ga Kawu.

"Rabi, bari in fassara miki jami'a. Babban yatsanki ya rufe rabin tuwon."

Ni kuma da na saka nawa, hoton wani dattijo mai gyaran takalma a Jarwal wanda na ɗauka daga tsallaken titi don kada in takura masa, cewa ya yi, "Malam Wataƙila, wannan mutum ne ko ƙuda? Kai ko hoto daga nesa kake yi masa sallama."

Fahad bai manta da zancen rasit ba. Wata rana yana bincike a jakar kakarsa ya tsinci tsohon hotonta, tana tsaye gaban labule mai raƙumi. Ya ɗauke shi da waya, ya yanke raƙumin, ya saka a zaure bai ce komai ba. Kawu ya faɗa ramin da ƙafa biyu.

"Wane marar tsoron Allah ne ya yanke wa baiwar Allah ƙafafu daga idon sawu? A da, irin wannan ko buta ba zan ba shi ya riƙe mini a shago ba!"

Fahad ya juya hoton ya saka bayansa. Ga hatimin shagon Kawu ɓaro-ɓaro. Wayyo, zauren nan ranar! Har waɗanda ba su taɓa magana ba sai da suka fito da haƙoransu. Da azahar aka yi wannan. Bayan la'asar sai ga tari, sai ga shayi.

"Na tuna ta. Silifas kala biyu ta sako, ɗaya nata, ɗaya ta ɗauko a ƙofar Harami. Asiri na rufa mata. Je ka tambaye ta. Sannan ka dubi haƙorin, ka faɗa mini ko kamararka mai hanci za ta iya."

Fahad ya je ya tambaya. Kakar ta jefe shi da filo, amma ba ta musa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, saƙonninsa suka ragu. Tarin ya yi tsawo, kurɓar shayin ta ɓace. Sai ga shi wata safiya, a karo na farko, Kawu Tanko ya saka hoton da ya ɗauka da hannunsa. Tantabaru ne a bakin tagarsa. Wato ina zaton tantabaru ne. Hannunsa ya yi rawa, labule ya cinye kusurwa guda, komai ya zame gefe kamar kaya a bayan mota. Kuka duba, kuka gane, kuka yi abin da mutanen kirki suke yi. Masha Allah. Tabarakallah. Furanni har ƙasa. Fahad ma ya rubuta, "Ustaz wallah, ya ammi!" Ni ban rubuta komai ba. Na fara sau da yawa ina gogewa.

Ya aika a kira ni. Na same shi a kwance, tsohon tabarau ɗin nan mai zaren buhu a fuskarsa, wayar a kan ƙirjinsa.

"Ka gani?" ya ce. "Sun sayo likkafanin. Har Fahad."

"A'a Kawu, ai ƙauna ce, kuma in aka yi la'akari da..."

"Nasiru."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya miƙo mini wayar.

"Duba shi. Kamar na wani ne."

Na duba. Jimloli suka taso a raina, kowacce da mayafinta: wataƙila hasken, mai yiwuwa tagar, wasu za su iya cewa. Na ɗago na ga yadda yake kallona ta karkataccen gilashin nan, kamar alhajin da ke jiran a danna. Na haɗiye su duka.

"Kawu, ya karkace. Kuma babu haƙori. Ko tantabarun ba a gane su."

Ya rufe ido. Na ce shi ke nan, na ƙarasa tsoho. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ce, ta haɗu da tari har sai da na tallafe shi na ba shi zamzam.

"Alhamdulillahi," ya ce da ya samu numfashi. "Ashe da saurana." Ya goge ido. "Amma kai jahili ne. Ba tantabaru ba ne, kyanwa ce. Danna mini abin maganar nan."

Na danna, na riƙe masa. Kun ji saƙon, shi ne na ƙarshe da ya aiko. Ya yi tari ya ce, "Duk masu furanni, Allah ya shirye ku. Mutum ɗaya ne ya zo dubiya yau."

Bai kai Juma'a ta sama ba. An yi masa salla a Harami, Fahad na cikin waɗanda suka ɗauki makara, yana kuka da Larabci. Tun daga ranar in aka saka hoto a zaure sai a yi ɗan shiru, kamar kowa na jiran tari.

Ya Allah, ga bawanka Tanko. Bakinsa da kaifi, amma bai taɓa yi wa kowa ƙarya don a so shi ba. Ka yafe masa waɗanda ya yanka da gaskiya da waɗanda ya yanka da karyayyen tabarau. Ka haskaka kabarinsa, ka kalli ayyukansa da idon rahama, kada ka auna su yadda ya auna hotunanmu. Wannan addu'ar babu wataƙila a cikinta. Amin.