Matar da Ke Cikin Itace

Shekarar da guguwa ta tumɓuke itatuwan London, har da na ƙofar flat ɗinmu a Thamesmead, ita ce shekarar da ƙafar matata ta dama ta fara sandarewa. A shekarar ne kuma na shiga ajin manya na council, wato ƙaramar hukuma, don koyon boko. Allo kaɗai na yi a gida, idona ya saba farawa daga dama.

Wata Asabar malamarmu, wata Baturiya, ta kai mu gidan ajiye zane-zane. Na tsaya gaban wani ƙaramin zane na mutanen Italiya na da. A dama itace ne mai duhun ganye, rassansa biyu hannuwan mace ne. A hagu wani saurayi ya rungumo ƙugunta, ƙafarsa ɗaya a sama. Na karanta shi yadda na saba: ga itace, ga mace tana fitowa, ga mai janyo ta. Ƙafarta ɗaya ma ta riga ta fito.

Da na koma gida na ba matata labari ina matsa mata ƙafa.

"Malam, zanen Turawa kuma ya zama maka istihara?" in ji ta.

"Ni dai na ga tana fitowa."

"To ja a hankali, kada ka ɓalle reshe."

Na riƙa komawa ni kaɗai. Kowane zuwa sai in ga kamar ta ƙara fitowa.

Karatuna ya yi ta kama ƙasa. Ran nan na shiga, idona ya fara daga hagu ba da izinina ba. Sai na ga gyalen saurayin yana kaɗawa baya. Ashe gudu yake, bin ta yake. Duk motsin zanen daga wajensa ya taso, ya zo ya mutu a dama, inda ganye ya yi nauyi. Ƙafar da na ce ta fito, ita ce ta rage ba ta zama itace ba. Matar tana kallonsa daga sama, ba tsoro a fuskarta, irin kallon da matata ke mini in ina matsa mata ƙafa.

Na koma gefen dama na tsaya. Na rufe ido ɗaya. Ba ta sake fitowa ba.

Kafin sanyi ya dawo ɗaya ƙafar matata ta bi sahu. Sunanta a kan gadon asibiti shi ne abu na farko da na karanta ba mai taya ni.

Abin da na rasa uku ne: itacen ƙofar gida, da matata, da idon da ke farawa daga dama.