Taƙi Guda na Ɗinki

A Jidda aka haifi yayana Na'ibi, a unguwar Nuzla, cikin ɗakin da har yau Innarmu take kwana. Bai taɓa ganin Katsina ba sai a bakin Baba. Hausarsa ma, in magana ta yi nisa, Larabci ne yake ƙwace ta. Amma a takarda baƙo ne. Iƙama yake riƙewa, ana sabunta masa izinin zama a garin da aka yanke masa cibiya, kuma babu abin da ya taɓa so a duniya kamar a ce da shi ɗan ƙasa.

Laifin Baba ne, Allah Ya jiƙansa, ba zan ɓoye ba. Lokacin da ake bi unguwa-unguwa ana rubuta mutane a ba su tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ya ce shi ba zama ya kawo shi ba, hajji ya zo, yana yin na baɗi zai koma gida. Haka ya yi ta jiran hajjin baɗi har muka kai shi makwancinsa a nan. Maƙwabcinmu kuwa, baban Hamad, wanda tare suka ratso Sudan a ƙafa, ya je ya dangwala yatsa. Shi ke nan, katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma su 'yan ƙasa, mu baƙi.

Hamad ba ɗan maƙwabta kawai ba ne a wurinmu. Uwarsa ta kwanta ciwo bayan ta haife shi, Inna ta haɗa shi da Yaya ta shayar da su. Ɗan'uwanmu ne na nono. Ni Dela ban taɓa rufe fuska a gabansa ba, kuma "Ummi" yake ce wa Inna, ya sumbaci goshinta in ya shigo.

A 1975 Yaya ya shiga warshar wani tsoho, wato shagon aikinsa, a unguwar Sa'alaba ya koyi aikin munajjid, masu ɗinka kujerun mota da na falo. Mutum ne mai sanyi, sanyin da yake ba ni haushi. In ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. In muka je gidan mutane, kafin a gama gaisuwa hannunsa ya kai bayan kujera yana shafa ɗinkin, ni kuma ina harararsa. Ya auri Mastura, suka haifi 'yarsu Madina, yana ci da hannunsa ba ya roƙon kowa. Hamad kuwa bakinsa ne jarinsa. Daga wannan ofis zuwa wancan, har ya buɗe ɗan kamfaninsa. Da tsohon kafilin Yaya, wato ɗan ƙasar da iƙamarsa take hannunsa, ya rasu, Hamad ya karɓi kafalarsa, muka dafa shinkafa muka raba wa maƙwabta don murna. Muka ce yanzu wuyan Yaya yana hannun ɗan'uwansa.

Wata Juma'a, a tsakiyar shekarun casa'in, Hamad ya zo cin abincin rana da labari. Wani kamfani a bayan gari ya samu kwangilar harhaɗa jirage masu saukar ungulu na soja. Komai a akwatuna yake zuwa daga ƙasar waje, a nan ake ɗaurawa. Sai dai yarjejeniyar ta ce dole wani kaso na jirgin ya zama mahalli. Kalmar ba baƙuwa ba ce a gidanmu, a kasuwa muka san ta. Naman mahalli shi ne na dabbar da aka yanka a nan, mustaurad kuma shi ne daskararren da aka shigo da shi a jirgin ruwa. Hamad ya samo wa kamfaninsa aikin kujerun jirgin, da tamfol ɗin da ake lulluɓe cikinsa, da gadon ɗaukar masu rauni. Shi kuwa ko zare bai iya zurawa a allura ba.

Ya dafa gwiwar Yaya ya ce, "Ya akhuya, wannan ba kujerar taksi ba ce, jirgin jaish ne. Wanda hannunsa ya shiga hidimar ƙasa irin wannan, wallah tabi'iyya har gida za ta biyo shi. Khalliha alayya, ni zan kai maganarka da kaina."

Na ga yadda Yaya ya ajiye lomar da ya ɗebo. Inna ta yi ta sa wa Hamad albarka har shayi ya huce.

Daga nan Yaya ya bar Sa'alaba ya koma warshar Hamad, kusa da kamfanin. Aikin ba wasa ba ne. Yadin ba ya cin wuta, taurinsa yana karya allura, kuma ana auna kowane ɗinki kafin a karɓa. Ya rame a watannin farko, yatsunsa duk suka yi kanta. Amma ban taɓa ganin sa da farin ciki irin na lokacin ba. "Jirginmu" yake cewa, da bakin nan nasa mai nauyi.

Ni kuma ba na barin sa ya sha iska. Na ce, "Yaya, injin fa, naku ne?"

"Mustaurad."

"Farfelar da ke juyawa a sama?"

"Ita ma."

"Agogunan gaban direba? Tayoyin? Ƙusoshin?"

Ya yi murmushi ya ce duk daga waje suke. Na ce to mene ne naku? Ya ce fenti da wurin zama. Na ce ashe abin da ke tashi da jirgin na mutane ne, naku shi ne inda ake ɗora ɗuwawu. Mastura ta yi dariya har ta ƙware. Shi ma ya dara, sannan ya ce, "Dela, ko kaɗan ne, a Jidda aka yi shi, kuma ɗan Jidda ne ya yi." Ban sake tsokanarsa a ranar ba.

Shekaru suka yi ta wucewa. Duk sallah Hamad zai zo gaida Inna, Yaya ya raka shi bakin mota, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya tambayi inda maganarsa ta kwana. Amsar ba ta canzawa. "Al-mu'amala mashiya, tana tafiya. Ka san hukuma, sai haƙuri." Wata shekarar ya ce an canza mudir, shugaban ofishin, wata shekarar ya ce saura sa hannu ɗaya. Madina ta gama sakandare da sakamakon da ya fi na 'ya'yan Hamad, ta zauna a gida tana kallon su suna tafiya jami'a. Wani Bahadrame mai shagunan kujeru a Ruwais ya nemi Yaya ya koma wurinsa ya riƙe masa warsha gaba ɗaya, Yaya ya ƙi. Ya ce ba zai tashi daga layi ba bayan ya kusa kai wa gaba. Na ce masa ni dai ban ga layin ba. Ya ce baƙin zato ya yi mini yawa, kuma mutum ba ya cutar wanda suka sha nono ɗaya.

A 2011 ne, furfura ta riga ta cinye masa gemu, ya je aiki da safe ya tarar an sauke manyan akwatuna a ƙofar warsha. Ya ɗauka yadi ne. Da ya buɗe sai ya ga kujeru, ɗinkakku tsaf daga ƙasar waje, har da soso a ciki. Ya juya ɗaya ya ga an bar wani wuri a baya a buɗe, tsawon taƙi guda. Ya juya ta biyu, haka. Duk akwatin haka. Ya kira Hamad a waya, Hamad ya ce yana cikin taro, zai zo gida ranar Juma'a.

Ya zo kuwa, da ledar lemo a hannu. Bayan an ci abinci Inna ta shiga ɗaki ta kwanta, muka rage mu uku a falo, Mastura tana kicin. Hamad ya gyara zama ya yi bayani kamar mai karanta labarai. Ya ce an sabunta yarjejeniya da kamfanin. Yanzu ba a duba inda aka yi abu kaɗai, ana duba hannun da ya yi shi. Aikin da ɗan ƙasa ya kammala shi ne mahalli. Aikin mai iƙama kuwa, ko a tsakiyar Jidda ya yi shi, da kayan waje ake haɗa shi.

Yaya ya ce, "Ban gane ba. Kujerun da nake ɗinkawa fa?"

"Mustaurad, a lissafinsu. Mu bi yaddi, ba a hannuna yake ba, ba ni na tsara ba."

"Waɗanda suka zo a akwati kuma?"

"In ɗan ƙasa ya rufe ɗinkin ƙarshe ya manna tambari, khalas, shi ke nan, sun zama mahalli. Na ɗauki samari uku. Kai za ka koya musu yadda za su rufe shi ya yi kyau."

Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Na san shi, zai iya zama haka har magariba bai tambayi abin da ke cin sa ba. Raina ya riga ya ɓaci, sai na tambaya a madadinsa.

Na ce, "Hamad, to ai sauƙi ne. Tabi'iyyar da ka ce saura sa hannu ɗaya, ka je ka karɓo. Da ta fito, hannun Yaya ya zama mahalli, ba sai an shigo da komai ba."

Ya ce, "Ya ukhti, wannan maganar maza ce."

"Nonon da ka sha na mace ne. Wane ofis ka kai maganar? Faɗa mini sunansa, gobe in ɗauki Madina mu je mu tambaya."

Ya kalli ƙofar ɗakin Inna, ya kalli agogonsa. Na maimaita tambayar. Sai ya yi tsaki, ya daina kwana-kwana, ina jin gajiya ya yi da ƙaryar.

Ya ce, "Ban kai ba. Ba a bayarwa haka, ko na kai ba lallai a duba ba. Kuma ku faɗi gaskiya, da ya samu, zai zauna a wurina? Washegari zai buɗe warsharsa ya karɓe kwangilar. Ni ma ina da iyali. Na riƙe shi, ban taɓa barin iƙamarsa ta mutu ba. Wannan ba alheri ba ne?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba baƙo ya yi wa ƙarya ba. Yana zuwa gidan nan, ya ci abincin Mastura, ya ga Madina a zaune, ya sumbaci goshin Inna, ya fita ya ce mu'amala tana tafiya. Yaya ya riƙe mini hannu ya ce in rage murya kada Inna ta farka. Ko a lokacin, barcin Inna ne damuwarsa. Hamad ya ɗauki makullin motarsa ya fita, Yaya bai raka shi ba, karo na farko a rayuwarsu.

Ranar Asabar na ga ya sa kayan aiki. Na tare ƙofa na ce in ya je ya koya wa yaran nan ɗinkin, ban san me zan kira shi ba. Ya ce iƙamarsa da ta Mastura da ta Madina duk a hannun Hamad suke, kuma sabuntawa ta kusa. Ya ce, "In na ƙi, ina za mu? Katsina? Wa na sani a can?" Na kauce masa.

Ya koya musu. Ya ce yaran ba su da laifi, suna kiran sa ammu, wato baffa, suna kawo masa shayi. Cikin 'yan makonni suka iya, don taƙi guda ba wani abu ba ne. Aka tura babban keken ɗinkinsa lungu aka rufe da tamfol. Yana zuwa da safe ya zauna yana kallon ana fito da kujeru daga akwati, a rufe bayansu, a manna musu tambarin an yi a gida. Ya daina cewa jirginmu. Ya daina cin abincin kirki, wandunansa suka yi masa yawa. Inna ta yi ta tambayar me ya hana Hamad zuwa, Yaya ya ce mata aiki ne ya yi masa yawa, yana gaishe ta.

Duk da haka, wallahi, bai cire rai ba. Ya ce mini wataƙila kunya ce ta hana Hamad zuwa, wataƙila yanzu da ya faɗi gaskiya zai je ya kai maganar da gaske, ko don Madina. Da wani ma'aikacin ofishin Hamad ya kawo masa takardu ya ce ya sa hannu, bai ma karanta ba, ya ɗauka na tabi'iyya ne. Ya dawo gida da fara'a, ya sayo kaza a hanya.

A farkon 2012, muna karin kumallo da waken ful da burodi, wayarsa ta yi ƙara. Ya goge hannu da sauri ya ɗauka, don ya zaci Hamad ne. Muryar wani ce da bai sani ba, mai shagon kayan ɗaki a Sa'alaba. Ya ce an miƙa masa kafalar wani mai suna Na'ibi daga kamfanin Hamad tun makon jiya, yana so ya san ko shi ne, kuma ko ya iya ɗinkin labule.