Ranar da Don Nibaldo Ya Hana Tsohuwa Tashi

Shekara talatin da ɗaya, kullum kafin kowa ya iso rumfar jiragen saman sojan ruwa a garin Punta Arenas, makaniki Don Nibaldo Oyarzo ya riga ya shanye shayinsa na mate, ya cire safar hannu duk da sanyin nan, yana shafa fikafikan jirgin sintirin da muke kira Tsohuwa. Gishirin teku ta ƙarƙashin fenti yake cin ƙarfe. Ido ba ya gani, sai dai tafin hannu ya ji. Sai ya gama shafawa yake sa hannu a takardar izinin tashi. In bai sa ba, Tsohuwa ba inda za ta.

Ku tambayi Eladio Barría, mai kamun ƙaguwa, wanda Tsohuwa ta hango bayan ya kwana huɗu a teku da mataccen inji. "Hoton matuƙi aka buga a jarida," in ji shi. "To wa ya tayar da gwangwanin? Ai ta girmi surukata!"

Da lokacin yi mata ritaya ya zo, aka shirya mata tashin bankwana: mutum tara a ciki, manyan baƙi a ƙasa, ga 'yan badujala. Da safen ranar, yatsan Don Nibaldo ya ji ɗan kumburi a gindin fiffiken hagu. Ya kankare fenti. Tsaga ce, siririya kamar gashi. Ya ce ba zai sa hannu ba.

"Minti goma ne fa, tsoho," in ji kwamandan sansanin. "Zagaye ɗaya, su sauko."

"Ko minti ɗaya, yallaɓai."

"Wata biyu ya rage ka yi ritaya. Da wannan kake so a tuna ka?"

"Ga biro. Mai so ya sa hannu, amma ya fara zuwa gidajen mutum taran nan ya yi musu bayani."

Ba wanda ya taɓa biron.

Tsohuwa ba ta tashi ba. Makanikai ne suka tura ta da hannu, ta wuce ƙarƙashin ruwan girmamawa da motocin kashe gobara ke fesawa, baƙi suna ta duban agogo. An yi jawabi uku. Ba a ambaci sunanka ba ko sau ɗaya, Don Nibaldo.

To ni zan ambata. Kai ne wanda aka kira mai taurin kai, ka amsa. Kai ne ka ɓata biki da saninka, ka koma gida ba lambar yabo. A cikin mutum taran nan akwai mahaifina, kuma ranar a gida ya ci abincin rana, yana ta mitar an hana shi tashi.

Mun gode, Don Nibaldo. Ku kuma da aka ba amanar sa hannu, ko a ina kuke aiki, ku koyi cewa a'a tun masu rai suna ƙasa.