Yatsun Kawu Cikin Baƙin Mai

Yau a Tasawa makaniki ya bulbula ma motata baƙin mai, ko dubawa bai yi ba, ya maida tsohon filtir. Raina ya ɓaci, na tuna Kawu direba.

Shi sai ya murza mai tsakanin yatsu biyu tukun. Shekarar fari za mu kai hatsin agaji garin Maijirgi cikin ayarin motoci, wani sojan rakiya na azalzalarmu. Kawu ya murza man da aka kawo, tsinkakke kamar ruwa.

"Ranka ya daɗe, in na zuba wannan, cikin yashi hatsin zai kwana."

Muka jira mai kauri har la'asar, sojan na ta zage-zage. Duk cikin ayarin, motarmu kaɗai ta isa.

Na yanzu ko yatsa ba su son ɓatawa. Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu.