Sarkin Rum a Wuyan Inna

Abin da Inna ta fito da shi daga ƙauyenmu na bakin kogin Komadugu, ranar da muka bar gonar tattasai muka gudo Diffa, sulen zinariya ne guda, rataye a wuyanta. Na uwarta ne. A gefe ɗaya akwai kan wani mutum mai ƙaton hanci, da ganye a ka kamar an kamo shi yana satar zogale. A ɗaya gefen, wata mace ce mai fukafukai. Mushe, malamin da ya koya mana tarihi a lakwal, ya ce sarkin Rumawa ne, ko na ainihi ko kwaikwayo. Inna ba ruwanta. Da idanunta suka mutu, da yatsa take bin hancin nan tana ba mu labarin uwarta.

Sai yayana ya ce bai kamata tana salla da hoto a wuya ba. Ya karɓa ya kai wa maƙerin fari a bakin kasuwa, a goge shi sumul, kamar yadda wasu ke yi. Na ga hannun Inna yana laluben wuya, raina ya ɓaci.

Da rana tsaka na isa rumfar maƙerin. Na tarar magagari ya riga ya cinye macen.

"Baba, a dakata haka," na ce.

"'Yata, yayanki ya kawo, shi zan ba."

"Shi ya kawo, amma ba nashi ba ne."

Na zauna a kan tabarmarsa, na ce ko zai rufe rumfa sai dai ya rufe da ni. Masu kawo gyaran awarwaro suna ta kallona. Ni kuwa kunya ba ta cikin abin da na zo da shi. Bayan la'asar maƙerin ya gaji, ya miƙo mini yana gunaguni.

A gida Inna ta shafa gefen da aka goge. Ta juya shi, ta sami hancin.

"Ɗaura mini," ta ce. "Gogaggen ya kalli mutane. Fuskar ta kwanta a jikina."

Da yayana ya dawo ya duba wuyanta, ya yaba aikin maƙeri. Inna ta sa masa albarka.